Yadda Ake Gina Laburaren Saiti Mai Iya Sauya Ma'adana

Galibin aikina a Kano kula da na'urorin mutane ne: rawutocin masu sayar da intanet a wajen Farm Centre, kwamfutocin cibiyoyin da ɗalibai ke rubuta jarrabawa, da 'yan sabobin da wasu 'yan kasuwar Kantin Kwari ke ajiye lissafinsu a kai. Kowace na'ura da saitinta. Akwai adireshin da katin sadarwa zai ɗauka, akwai waɗanda aka yarda su shiga, akwai iyakar saurin intanet na kowane kwastoma, akwai manhajojin da za su tashi da kansu idan an kunna inji. Ina da laburare ɗaya, wato tarin kod da wasu manhajoji ke kira, da na rubuta da Python, shi ke karanta wannan saitin ya aiwatar da shi. Aiwatarwar ba ta cika ba ni wahala ba. Abin da ya fi cin lokaci shi ne inda saitin zai zauna, wato ma'adana.

Ƙaramar rawuta fayil ɗaya ya ishe ta. Cibiyar jarrabawa mai kwamfutoci barkatai SQLite, ƙaramin rumbun bayanai mai zama a cikin fayil, ta fi dacewa da ita. Mai rassa uku zai so etcd ko Consul, ma'adanan nesa da ake isa gare su ta hanyar sadarwa, domin a gyara abu a wuri ɗaya ya isa ko'ina. Kai kuma mai rubuta laburaren kana buƙatar wata ma'adana da ke cikin RAM kawai saboda gwaji. Burin shi ne a cire wannan a saka waccan, sauran manhajar ba ta ma san an yi ba. Ga yadda nake yi.

Ma'adana ba ta buɗe buhu

Ka fara da raba laburaren hawa biyu. Hawan sama shi ya san ma'anar saiti: ya san adireshin IP yana da siffarsa, ya san lambar fot ba ta wuce 65535, ya san abin da za a ɗauka idan ba a rubuta komai ba. Hawan ƙasa, wato ma'adana, abu biyu kaɗai ya sani, mabuɗi da tarin bayit. Kamar mai sito ne a kasuwar Dawanau: ka kawo buhu ya rubuta lamba ya jibge, ka dawo da lambar ya miƙo maka buhunka yadda ka kawo shi, ko gero ne ko riɗi ba ruwansa.

Mutanen GNOME, masu gina fuskar tebur ta Linux, haka suka tsara GSettings, tsarinsu na ajiye saiti. Bayanin kowane saiti da nau'insa yana sama, a ƙasa kuma ana iya ɗora dconf, ko fayil na rubutu, ko rajistar Windows, ko ta cikin RAM wadda ake zaɓa da GSETTINGS_BACKEND=memory. Ya dace ka zauna ka karanta yadda suka yi kafin ka rubuta layi ɗaya.

Dalilin da nake matsawa a kan wannan shi ne kowace ma'adana tana da nata ra'ayin game da nau'in bayani, kuma ra'ayoyin ba su jitu ba. Ɗauki YAML, wani salon rubuta fayil ɗin saiti. A sigar 1.1, wadda PyYAML, laburaren Python mai karanta shi, ke bi, kalmar no ba rubutu ba ce, ƙarya ce ta lissafi, wato False. Lambar waya da ta fara da 070, idan babu 8 ko 9 a cikinta, za a ɗauke ta lambar lissafi mai tushe takwas, a mayar maka da wani abu dabam da ba ya kiran kowa. SQLite kuma tana iya mayar da rubutu lamba idan ka ba ginshiƙin nau'in lamba, sifilin farko ya tafi. Idan ka bar ma'adana tana fassara, saiti ɗaya zai ba da ma'ana uku a wurare uku. Hawan sama ya mayar da komai JSON da kansa, ya mayar da shi bayit ta UTF-8, ya miƙa. A rubuta UTF-8 ɗin a fili cikin kod, kada a bar wa inji ya zaɓa, domin Python a kan Windows ya daɗe yana buɗe fayil da tsarin cp1252, wanda babu ƙ ko ɗ a cikinsa. Ranar da aka sa wa wata rawuta suna Ƙofar Mata, ranar za ka ga kuskuren.

Yarjejeniyar

Yarjejeniyar da kowace ma'adana za ta cika, ni tawa ba ta wuce haka ba:

```python
class Maadana(Protocol):
    def karanta(self, mabudi: str) -> tuple[bytes, str]: ...
    def jera(self, farko: str) -> list[str]: ...
    def aiwatar(self, sharudda: dict[str, str | None],
                rubutu: dict[str, bytes | None]) -> None: ...
    def rufe(self) -> None: ...
```

Za ka lura babu rubuta guda, babu share guda. Da gangan ne. Aiwatar tana karɓar abu biyu: sharuɗɗa, wato "mabuɗi kaza yana nan a sigar da na gani ɗazu", da kuma jerin abin da za a rubuta ko a share. Ko duka su shiga, ko babu wanda ya shiga. Rubuta mabuɗi ɗaya ai dunƙule ne mai abu ɗaya a ciki, hawan sama zai iya samar da shi a layi biyu.

Na sa rubutun dunƙule a tsakiya ne saboda saitin na'ura ba ya tafiya ɗaiɗai. Adireshin katin sadarwa da adireshin ƙofar fita tare suke canzawa. Idan ɗaya ya shiga ɗaya bai shiga ba, injin ya ɓace daga layi, kuma ba ka da hanyar gyara shi daga nesa. Sai ka tari adaidaita sahu daga Zoo Road zuwa Sabon Gari da tsakar rana, ka je ka jona masa allo. Idan ka fara da rubuta guda da niyyar ƙara dunƙule daga baya, za ka tarar rabin manhajar ta riga ta dogara da tsohuwar hanya.

Abu na biyu da karanta ke dawowa da shi, siga ce, wato alamar da ke canzawa duk lokacin da aka taɓa bayanin. Ita ce ke hana ma'aikata biyu taka juna: wani ya buɗe saitin kwastoma yana gyara sauri, wani ya buɗe shi yana gyara ranar ƙarewar kuɗi, wanda ya ajiye daga baya ya shafe aikin na farko. Da siga, na biyun zai sami ƙin amincewa, ya sake karantawa, ya ɗora nasa a kan sabon. A etcd sigar ita ce mod_revision, a Consul ModifyIndex ce, a SQLite ginshiƙi ne da kake ƙara masa ɗaya, a fayil kuma ina amfani da SHA-256 na abin da ke ciki. Shi ya sa na bar ta rubutu wanda hawan sama ba ya ƙoƙarin fahimta, yana kwatantawa ne kawai. Kada ka yi amfani da lokacin da aka taɓa fayil a matsayin siga. Raspberry Pi 4 da rawutoci da yawa ba su da agogo mai batir, suna tashi da lokacin da ba daidai ba har sai sun sami intanet. Tsarin FAT da ke kan filashi da yawa kuma ba ya bambance rubutu biyu da aka yi cikin daƙiƙa 2.

Mabuɗai a taƙaita su tun daga sama: ƙananan haruffan a zuwa z, lambobi, karan tsaye na rabawa da ɗan karan kwance. Linux na ɗaukar Saba da saba abu biyu, Windows da macOS a yadda suka zo suna ɗaukarsu ɗaya. Sunan fayil a ext4, tsarin faifai na Linux, ba ya wuce bayit 255. Windows ba ya yarda da fayil mai suna con ko nul. Ɗigo biyu a jere kuwa hanya ce ta ficewa daga folda a taɓa abin da bai kamata ba. Haruffanmu masu lanƙwasa da rubutun ajami su zauna cikin bayanin, can ne wurinsu, kuma can ba abin da zai same su.

Idan aka ɗauke wuta ana tsakar rubutu

Nan ne nake so ka fi natsuwa. Mai rubuta manhaja a ƙasar da wuta ba ta yankewa zai iya shekara bai ga wannan matsalar ba. Mu a nan, tsakanin ɗauke wuta da tayar da janareto da batirin inbata da ya gaji, injin da ke shago yana mutuwa ba sallama a kai a kai. Ma'adanar da ba ta jure wannan ba, ba ta cancanci shiga laburarenka ba, komai saurinta.

Ga ma'adanar fayil, kada ka taɓa buɗe ainihin fayil ɗin ka rubuta a kansa. Buɗe shi don rubutu yana fara share abin da ke ciki ne, idan wuta ta tafi a wannan tsakanin ka tashi da fayil fanko. Ka rubuta sabon fayil na wucin gadi a cikin folda ɗaya da na asali, ba a /tmp ba, domin sauya suna ba ya zama abu guda idan ya tsallaka daga wani faifai zuwa wani. Ka kira fsync a kansa, don bayanin ya bar RAM ya sauka kan faifai da gaske. Sannan ka kira os.replace ya hau kan tsohon. Daga ƙarshe ka buɗe foldar kanta ka kira fsync a kanta, saboda sauya sunan a cikin folda aka rubuta shi, shi ma yana iya maƙalewa a RAM. Mutane da yawa suna tsallake fsync na farko. A 2009, lokacin da ext4 ke sabo, masu amfani da Linux sun riƙa tarar da fayilolin saitinsu sun koma fanko bayan inji ya mutu, saboda manhajoji suna sauya suna ba tare da fsync ba, shi kuma ext4 yana jinkirta rubuta bayanin. An ƙara wata kariya a kanel 2.6.30, amma wannan kariyar ta ext4 ce. Ba ka san a kan wane tsarin faifai laburarenka zai sauka gobe ba.

Wannan dabarar fayil ɗaya take karewa. To yaya za a yi da dunƙule mai mabuɗai biyar? Amsata mai sauƙi ce: ma'adanar fayil tana zuba dukkan mabuɗai cikin fayil guda. Saitin na'ura ba shi da girma, sake rubuta shi gaba ɗaya ba komai ba ne. Na san tsarin "mabuɗi ɗaya, fayil ɗaya" ya fi kyau a ido, kuma ya fi daɗin dubawa da hannu, amma ba zai iya cika alkawarin ko duka ko babu ba sai ka gina masa littafin ajiyar niyya, kuma idan ka kai nan ka fara sake rubuta SQLite ne da hannunka. Kafin karantawa da rubutawa a riƙe kulle da flock, a kan wani fayil na dabam wanda ba a sauya masa suna, tunda na saitin yana canzawa a kowane rubutu.

SQLite ta sauƙaƙa wannan duka. D. Richard Hipp ya fitar da ita tun 2000, kuma jure mutuwar inji na cikin abubuwan da aka fi gwada ta a kai. Ka buɗe da BEGIN IMMEDIATE, ka duba sharuɗɗa, ka rubuta, ka rufe. Abu biyu za ka kula. Idan ka kunna WAL, salon da ke fara rubuta canji a wani fayil na gefe, wanda ya zo a siga 3.7.0 a 2010, tare da synchronous=NORMAL, bayanan ba za su lalace ba amma rubutun ƙarshe na iya ɓacewa idan wuta ta tafi. Ga saiti ina sa FULL, domin idan na ce wa mai shago an ajiye, ina so ya zama an ajiye. Na biyu, kada a ɗora fayil ɗin SQLite a foldar da ake rabawa ta hanyar sadarwa don kwamfutoci da yawa su buɗe shi tare. WAL ba ya aiki a haka, kullen ma ba abin dogaro ba ne.

A rawuta akwai ƙarin damuwa, ƙwaƙwalwar filashi tana gajiya da yawan rubutu. Dubi yadda UCI, tsarin saiti na OpenWrt, wato Linux ɗin rawutoci, ke yi: canje-canje suna taruwa a /tmp, wanda ke RAM, ba sa sauka /etc/config sai an ce uci commit. Hawan sama naka ya tara gyare-gyare ya kira aiwatar sau ɗaya, kuma idan sabon bayanin daidai yake da tsohon kada ya rubuta komai.

etcd da Consul suna da dunƙule nasu, sai dai da iyaka. A yadda ya zo, etcd ba ya karɓar fiye da ayyuka 128 a dunƙule ɗaya, kuma buƙata ɗaya ba ta wuce kusan megabayit ɗaya da rabi. Consul ba ya karɓar bayanin mabuɗi ɗaya da ya wuce kilobayit 512. Ka ɗauki iyaka mafi ƙanƙanta cikin ma'adanan da kake tallafawa, ka rage ta, ka sa ta doka a hawan sama ga kowa. In ba haka ba abin da ya yi aiki a fayil zai ƙi aiki ranar da aka koma etcd, kuma sauyawar da kake taƙama da ita ta zama magana kawai.

"Babu" dabam, "ban samu isa ba" dabam

Kowace ma'adana na da kurakuranta, kuma bai kamata ko ɗaya ya hauro sama da sunansa na asali ba. Ina mayar da su huɗu: babu mabuɗin, siga ta tsufa, ma'adana ba ta samuwa, bayani ya lalace. Wanda ya fi haɗari shi ne a cakuɗa na farko da na uku. Hawan sama idan ya ji "babu" yana komawa saitin asali, kuma daidai ne. Amma idan layi ne ya yanke, ma'adanar ta ce "babu", laburaren zai ɗauka ba a taɓa saita katangar tsaro ba, ya aiwatar da fanko a kan injin mutane. Haka ma fayil da ya lalace: a tsaya a yi ƙara, kada a ɗauke shi tamkar sabon inji.

Akwai hali na biyar da ma'adanan nesa kaɗai ke da shi. Ka aika rubutu, wa'adin jira ya ƙare, amsa ba ta zo ba. Wataƙila ya shiga, wataƙila bai shiga ba. Maganinsa a sake karantawa a duba, kuma sharaɗin siga yana hana a rubuta abu sau biyu idan aka maimaita.

Game da etcd ina da ra'ayi mai ƙarfi. Yana aiki da tsarin Raft, wanda Diego Ongaro da John Ousterhout suka bayyana a 2014, kuma yana buƙatar rinjaye: cikin saba uku sai biyu suna raye suna jin juna kafin a rubuta komai. An tsara shi da tunanin sabobi a ɗaki ɗaya, bugun zuciyarsa na asali, wato tazarar saƙon da shugaban sabobin ke aikawa don nuna yana raye, milisakan 100 ne, wa'adin zaɓen shugaba 1000. Idan ka warwatsa su, ɗaya a Hotoro, ɗaya a Kabuga, ɗaya a Sabon Gari, kowanne da janaretonsa da layin rediyonsa, sai ka ɗaga waɗannan lambobin, kuma duk da haka za a riƙa rasa rinjaye. Don haka duk ma'adanar nesa ina lulluɓe ta da kwafi na gida, wanda shi kansa ma'adanar fayil ce da muka gina a sama. Inji ya tashi da kwafin ƙarshe mai kyau, ya rubuta a rajistarsa cewa da tsohon kwafi yake aiki, ya ƙi karɓar gyara har layi ya dawo. Saitin da inji ke buƙata kafin ya iya isa etcd, wato adireshinsa da takardun shaidar TLS, dole ya zauna a gida tun farko.

Sanarwar canji ban sa ta cikin yarjejeniyar dole ba, ƙari ce da ma'adana ke bayyana tana da shi ko ba ta da shi. A Linux akwai inotify, mai sanar da canjin fayil, tun 2005, amma folda za ka sa wa ido, domin os.replace yana kawo sabon fayil ne, tsohon da kake kallo ya tafi. A SQLite sai dai a riƙa leƙa PRAGMA data_version lokaci zuwa lokaci. etcd yana turo canje-canje da kansa, sai dai idan ka daɗe a yanke yana iya share tsohon tarihin da ka tsaya a kai. Abin da dukkansu za su iya alkawari shi ne "wani abu ya canza, sake karantawa", to iyakar abin da sanarwata ke faɗa ke nan. Wadda ba ta da sanarwa, hawan sama ya riƙa tambayarta duk bayan 'yan daƙiƙu. Kuma kada a sami layi ko ɗaya a sama da ke cewa "idan SQLite ce yi kaza". A tambayi abin da ma'adana ke iyawa, ba sunanta ba.

Gwaji ɗaya ga kowa

Fayil ɗin gwaji guda ne, pytest yana maimaita shi a kan kowace ma'adana. Duk wanda ya kawo sabuwa, ko ɗalibi ne daga BUK da ke son ƙara Redis, abin da nake ce masa shi ne ta ci wannan gwajin tukuna. A ciki akwai bayani fanko wanda dole a bambance shi da babu, akwai bayit ɗin da ba rubutu ba, akwai sunaye masu ɓ da ɗ da ƙ, akwai jera wadda dole ta dawo a jere iri ɗaya ko'ina, akwai marubuta biyu da ke tsere kan mabuɗi ɗaya inda dole ɗaya ya sha ƙin amincewa. Ina kuma sa Hypothesis, wani laburaren gwaji na Python, ya ƙirƙiro jerin ayyuka barkatai ya kwatanta sakamakon da ƙamus na Python zalla.

Ma'adanar RAM ita ce ta fi yaudara, saboda tana yarda da komai. Ka tsananta mata: ta ƙi dogon mabuɗi, ta ƙi babban dunƙule, ta dawo da kwafin bayani ba ainihinsa ba, kuma ta zo da maɓallin da zai sa ta yi kamar layi ya yanke.

Gwajin mutuwa kuma, kill -9 bai isa ba. Yana kashe manhaja ne kawai, abin da ke RAM na kanel zai sauka faifai daga baya, don haka fsync da ka manta ba zai tona kansa ba. Ka tayar da inji na bogi a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, ka sa shi rubutu ba tsayawa, ka kashe QEMU ɗin daga waje, ka tayar ka duba ko saitin tsoho ne cikakke ko sabo cikakke. Bayan wannan ka ɗauki ainihin rawutar da ainihin katin memori da za a kai shago, ka zare waya daga soket ana tsakar rubutu, ka maimaita. Akwai katunan jabu da ke cewa sun rubuta alhali ba su rubuta ba, kuma gara ka gano su a teburinka.

Zaɓen ma'adana ya zama layi ɗaya mai siffar adireshi, kamar fayil:///etc/saiti.json ko sqlite:///var/lib/saiti.db ko etcd://10.0.0.5:2379. Ƙaura daga wata zuwa wata ba ta buƙatar dabara, tunda yarjejeniyar ɗaya ce: jera, karanta, aiwatar a ɗaya ɓangaren, sannan a sake karanta duka biyun a kwatanta bayit da bayit kafin a sauya layin adireshin. Sigogi ba sa ƙaura, sabuwar ma'adana za ta ba da nata, don haka a dakatar da masu gyara har a gama. Ina ajiye mabuɗi ɗaya na musamman mai ɗauke da lambar tsarin saitin, domin tsohon laburare ya ƙi taɓa bayanin da sabo ya rubuta. Idan kuma akwai kalmomin sirri a ciki, fayil ɗin wucin gadi ma a ƙirƙire shi da izinin 0600 tun daga buɗewa, domin shi ne zai zama na asali bayan an sauya suna.